Shekara ɗaya a kwas ɗin sa yara barcin tiyata, ga yadda na gan shi

Tun da na dawo ƙannenmu residan, wato likitocin da ke karatun ƙwarewa, suka hana ni sakat, Anti ya kwas ɗin yake, Anti ya cancanci mutum ya bar gida da yara shekara guda, wallahi na gaji da maimaitawa, bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Ga wanda ba ɗan asibiti ba, mu ne likitocin sa barci, masu tsayawa ta wajen kan mara lafiya bayan labule lokacin da likitan tiyata ke aikinsa. A Najeriya kafin ka zama konsoltan sai ka gama digirin likita, kayi hausjob da bautar ƙasa, ka shiga residansi ka ci jarabawowin WACS, wato kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, ko na kwalejin ƙasa da ke Ijanikin a Legas. Wannan kwas ɗin ƙari ne a kan duk wancan, wata 12 cur babu abin da kake taɓawa sai yara, tun daga bakwaini har matasa. Jami'ar Nairobi tana yin irinsa tun 2013 da tallafin WFSA, wato tarayyar ƙungiyoyin likitocin sa barci ta duniya, daga baya shirin PATA na horar da masu sa yara barci a Afirka ya kawo shi Abuja da Zambiya da Uganda, wasu kuma suna tafiya asibitin yara na Red Cross a Cape Town ko Vellore a Indiya. Ni ba zan kama sunan inda naje ba, saboda inada ƙorafi kuma mutanen sun min halacci. Maki dai na ba su 4 cikin 5.

Na tafi da girman kaina fa, ai ni konsoltan ce, na sa yara barci ba adadi. Satin farko malamarmu, wata dattijuwa mara yawan magana, ta miƙo min mask ɗin da ake ɗorawa a fuska da jakar hura iska ta nuna min jaririn wata huɗu tace in riƙe masa numfashi. Na ɗora mask ina matsa jaka ƙirji baya tashi yadda ya kamata, sai kawai ta sa hannu ta ɗaga yatsuna ɗaya bayan ɗaya ta mayar da su kan ƙashin muƙamuƙi, ashe ina danne naman ƙarƙashin haɓa ne ina tura harshen yaron yana toshe hanya, ta naɗe ƙaramin tawul ta sa masa a ƙarƙashin kafaɗa saboda jariri ƙeyarsa babba ce tana sa wuya ya lanƙwashe, nan take ƙirji ya fara hawa da sauka. Sati biyu tana sa ni aikin mask kafin ta bar ni in sa tub, wato bututun numfashi da ake zurawa a maƙogwaro, ni kaɗai. A lokacin naji haushi sosai, har na kira maigidana ina cewa sun mai da ni ɗaliba. Yanzu in aka tambaye ni abin da ya fi komai amfani a shekarar, sati biyun nan ne.

Abin da suke yi da kyau shine suna sa lissafi ya zauna maka a jiki. Jaririn kilo 3 gaba ɗaya jinin jikinsa kamar mil 250 ne, rabin ledar fiya wata kenan, in ya zubar da mil 25, cokalin shan magani biyar, kashi goma na jininsa ya tafi, shi yasa a can ba a cewa jini kaɗan ne ya zuba, goz ɗin da aka goge jinin da shi ake ɗorawa a sikeli a auna, giram ɗaya mil ɗaya. Sannan jariri yana cin oksijin kusan ninki biyu na babba a kowane kilo kuma ajiyarsa a huhu kaɗan ce, babban mutum zai ba ka mintuna kana neman hanya, shi kuwa kafin ka juya ka karɓi tub ƙarar oksimita, na'urar da ke auna oksijin a jini, ta fara sauka. Ga sanyi. Ana kashe AC, likitocin tiyata suyi ta gumi suna mita, a sa wa jaririn hula, a ɗumama ruwan da za a ƙara masa, babu mai ɗaga ƙafa a kan wannan. Kafin yaro ya shigo kuwa sai ka rubuta komai a allo gwargwadon kilonsa, girman tub da na sama da shi da na ƙasa, atirofin mai ɗaga bugun zuciya, ruwa, yawan jinin da za a iya bari ya zuba. In baka rubuta ba ba a fara aiki.

Ranar da ba zan manta ba, wani yaro ɗan shekara biyu aka yi masa aikin gwaiwa, ƙaramin aiki, an gama na cire tub sai maƙogwaro ya rufe ruf, laringospazim, ƙirji na fizga amma iska bata shiga, ko kukan nan na shaƙewa babu. Oksimita 98, 85, 70, sautin nan yana ta yin ƙasa, leɓensa ya fara duhu. Na waiga ina neman malama ta karɓa, tana tsaye hannunta a baya, abin da tace kawai shine me za ki yi. Na tura muƙamuƙi gaba da ƙarfi, oksijin ɗari bisa ɗari, na riƙe matsin iska a jaka, bai buɗe ba, na ba da allurar barci ta furofofol kaɗan, sai naji jaka ta saki a hannuna iska ta wuce. Duk abin bai kai minti biyu ba amma rigata ta jiƙe sharkaf. Daga baya na lura sirinjin sakis, maganin da ke sakin tsoka nan take, da atirofin suna tafin hannunta a baya tun farko, a shirye take. Da muka zauna shan shayi bata yabe ni ba bata min faɗa ba, tambayata tayi, da kika duba shi da safe baki ji uwar tace yana mura ba? Naji mana. Na dai raina murar ne. Irin wannan zaman bayan kowane tangarɗa, ba tsawa ba kunyatarwa a gaban nas, gaskiya ban saba da shi ba a inda na taso.

Sauran abubuwan masu kyau a gurguje. Allurar kaudal, wadda ake yi a ƙasan gadon baya don yaro ya farka ba zafi, nayi ta har na daina ƙirgawa. Neman jijiya da na'urar hoto. Zama a ɗakin jarirai da ICU na yara. Atisaye da ɗan tsana mai numfashi, wanda da farko na ɗauka wasan yara ne.

To ga inda maki ɗaya ya tafi. Kuɗin alawus baya zuwa kan lokaci, akwai watan da sai da yayana ya turo min kuɗin haya, ga lasisin yin aiki a ƙasar ya ɗauki makonni ina zuwa tiyata ina kallo kamar baƙuwa, kuma babu wanda ya faɗa min in fara neman takardun tun ina gida. Kol, wato kwanan aiki a asibiti, yayi yawa, wani lokacin sai kaji kamar ma'aikaci aka samu a arha, lakcar da aka sa a jadawali a ɗage saboda lis ɗin masu tiyata ya cika, wani satin ma a manta da ita. Aikin bincike kuwa an ce dole ne amma mai duba min shi sai in yi sati uku ina binsa.

Amma babban ƙorafina ba wannan bane. An koya min aiki da iskar sa barci ta sebofuloren da na'urar awon numfashi ta kafnogiraf da bargon ɗumi da kowane girman tub a jere cikin durowa, na dawo asibitinmu na tarar da allurar ketamin da ragowar halotan, tsohon maganin barci na shaƙa, wanda shi ma yana neman ɓacewa a kasuwa, abin awon hawan jini na jarirai guda ɗaya ne kuma ya yage, tub mai lamba 3 sai an aika ɗan uwan mara lafiya kemis, ga wuta a ɗauke ana tsakiyar aiki a jira janareta. A shekara guda zaman da aka yi kan yadda za ka yi in babu kayan bai taka kara ya karya ba, alhali yawancinmu irin wuraren nan za mu koma. Su ma yaran namu daban ne. Yaron da taifod ta huda masa hanji aka kwana biyar ana jiƙe-jiƙe a gida kafin a kawo shi, mai sikila, mai tamowa da jijiyarsa ta ɓace, wanda ƙwayar gyaɗa ta faɗa masa hanyar iska, ga masu cutar noma, mai cin naman fuska, da bakinsu ya ɗafe baya buɗuwa, waɗanda har asibiti na musamman gare su a Sakkwato, cutar da sai a Disambar 2023 WHO ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Wasu daga ciki na gani a can, amma ba da yawan da nake gani a sati ɗaya a gida ba.

Wani abokin aiki yace min to meye amfanin zuwan. Nace masa ya duba binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2024, yara 8,625 a asibitoci 249 na ƙasashen Afirka 31, sama da biyu cikin ɗari sun rasu bayan tiyata, kusan ninki 11 na ƙasashe masu arziki, mu kuma sama da kashi 40 na ƴan Najeriya basu kai shekara 15 ba, kuma inda WFSA ke cewa a samu aƙalla likitan sa barci 5 ga mutum dubu ɗari mu ko 1 bamu kai ba. Wato yawancin yaran nan nas-nas masu sa barci ne ke riƙe da su a janar asibitoci, Allah ya saka musu, kuma nan ma ina ganin kwas ɗin ya gaza, ya kamata a koya mana yadda za mu koyar. Sai da na haɗa da kwas ɗin SAFE na yara, horon kwana uku kan sa barci lafiya, sannan na samu hanyar da zan bi da su.

Abu na farko da na canza da na dawo ko sisi bai ci ba. Al'adarmu ita ce a ce wa uwa kar ta ba yaro komai daga sha biyun dare, sai a kai azahar ba a shiga da shi ba, yaro ya galabaita sukari ya sauka, uwa kuma tausayi ya sa ta ɗura masa koko a ɓoye tace bai ci komai ba, wanda shine mafi haɗari. Yanzu mun manna takarda da Hausa a wod, abinci da madarar gwangwani awa 6, nono awa 4, ruwa zalla awa 2, kuma ƙananan yara su ake fara shiga da su. Wata uwa ta riƙe min hannu a ƙofar tiyata tace likita don Allah zai farka kuwa, nace in sha Allahu Maman yaro, amma ki gaya min tsakani da Allah me kika ba shi da safe, tayi shiru sannan tace kunu ne ludayi ɗaya da asuba. Muka mayar da shi ƙarshen lis.

Wanda zai je ya fara neman lasisi da hutun karatu tun wata shida kafin tafiya, ya tanadi kuɗin wata uku a aljihunsa, mace mai yara kuma ta daidaita da gida tun wuri, ni Hajiyarmu ce ta riƙe min su kuma ƙaramar sai da tayi sati tana ƙyuya ta da na dawo. In za ku dawo kar ku cika akwati da tsaraba kaɗai, ku sayo ƙananan mask, bakin laringoskof, wato abin leƙa maƙogwaro, lamba 0 da 1, da abin maƙala oksimita na jarirai, nawa guda biyu na sayo kuma ɗaya har ya fara tsinkewa.