Ciyawar da ruwa ya ɓata: a sake yafa iri ko a yi dashe?

Alhaji, ka ce ka shuka ciyawa a farfajiyar gidanka a Samaru farkon damina, ruwan Agusta ya zo ya bar ta nan kore can jar ƙasa, kana tambaya ko ka sake yafa iri ko ka yi dashe. Ni dai dashe nake ba ka shawara.

Yafa iri ya fi sauƙi, ga rashin wahala. Matsalarsa ita ce irin ciyawar kiri-kiri ƙanana ne ƙwarai, ba a binne shi da zurfi, kuma yakan ɗauki mako 1 zuwa 2 kafin ya tsiro. A Zariya kuwa Agusta ne watan da ruwa ya fi yawa, marka ba ta barin ƙasa ta huta. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya kwashe irin ya tara shi a gindin katanga. Wanda ya tsira kuma, jar ƙasarmu in ta sha dukan ruwa rana ta buɗe, sai samanta ya daskare, tsiro ya kasa fasowa. In ka nace sai iri, ka jira Satumba, ka rufe wurin da buhun algarara har ya fito.

Dashe aikin hannu ne, sai an durƙusa, amma abin da ka dasa ya riga ya yi saiwa. Ba sai ka saya ba ma. Je inda ciyawar ta yi kauri, sa fartanya ka yanko ta da ƙasarta kamar faɗin tafin hannu, ka dasa a wurin da ya kwaile, tazarar santimita 15 zuwa 20, ka taka da ƙafa ta zauna daram. Ramin da ka bari ka cike shi da ƙasa, zai rufe da kansa. Kiri-kiri yaɗo take yi, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta kafa saiwa, shi ya sa cikin 'yan makonni za ka ga ta haɗe. A gindin mangwaro ko darbejiya fa ba ta yi, rana take so. Can sai ciyawar kafet ta masu sayar da fulawa, ita kuma tana son ruwa sosai da rani.

Amma don Allah kafin ka taɓa komai, in ana ruwa ka tsaya a baranda ka kalli inda yake bi. Sau da yawa indararo ne ke zuba a wuri ɗaya yana haƙe ƙasa. Zuba tsakuwa a ƙarƙashinsa, ka yi wa ruwan hanya zuwa lambatu. Inda yake kwanciya, saiwa ruɓewa take yi, sai ka sassauta ƙasar da manjagara, ka haɗa yashi da ruɓaɓɓen taki ka ɗaga wurin. Kada ka sa ɗanyen kashin shanu, yana kawo ciyayi kuma gara na bin sa.

Takin zamani ka dakata da shi sai dashen ya kama, sannan ka yafa NPK kaɗan a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ka yi ƙoƙari ka gama cikin Satumba, domin ruwa na ɗaukewa a Oktoba, kuma dashen da bai kama ba kafin hunturu sai ka yi ta bin sa da ban ruwa safe da yamma.