Wata Tara Ina Amfani da Nafkin Na Wanki: Abin da Na Gani

Kuɗi ne ya fara kai ni wurin nafkin na wanki. Ɗana na biyu ya zo duniya a lokacin da komai ya yi tashin gwauron zabi, bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira. Famfas na cikin abubuwan da suka fi tashi. A ƙarshen 2023 kamfanin Procter & Gamble mai yin Pampers ya sanar cewa zai daina sarrafa kaya a Najeriya ya koma shigo da su daga waje, a 2024 kuma Kimberly-Clark mai Huggies ya rufe masana'antarsa ta Ikorodu. Mu dai iyaye abin da muka gani shi ne duk zuwa kanti da sabon farashi.

Abu na biyu ya faru ne a ƙofar gidanmu. Wata Asabar ta tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, ana tsakiyar damina, matasan layinmu suka fito yashe kwata saboda ruwa ya fara shiga zaurukan mutane. Na leƙo da goyo a bayana ina kallon abin da suke tsamowa da shebur. Ban da ledar ruwa, abin da ya fi yawa famfas ne, kowanne ya sha ruwa ya kumbura ya yi nauyi, wasu sun fashe, wannan farin abu mai yauƙi na ciki yana zubowa. Na gane irin wanda nake saya a ciki. Na sani sarai cewa sharar gidana ba kullum take isa bola ba. Da na koma ɗaki na yi lissafi: guda shida a yini, sau kwana 365, ya kama 2,190 a shekara, daga yaro ɗaya tak. Layinmu kuwa babu gidan da ba a goyo.

Na sayi nafkin na wanki guda goma sha biyu a wurin wata mai sayar da kayan jarirai ta WhatsApp, kowanne da ƙyallen ciki biyu. Kuɗin da na biya ya kai abin da nake kashewa a famfas na wajen wata biyu da rabi, kuma ban ɓoye ba, hannuna ya yi nauyi wajen turawa. Siffarsa kamar wando ce. Bayansa yadi ne da aka shafa wa roba siririya ta ciki don kada ruwa ya fito, gabansa kuma jere yake da maɓallai masu taushewa, ana rage shi ko a ƙara gwargwadon girman yaro. A ciki akwai aljihu inda ake zura ƙyallen da ke shan fitsari. Da Inna ta zo ta juya shi a hannu, sai ta ce, "Ai wannan nafkin ɗinmu ne na dā da wandon roba, aka haɗe su wuri ɗaya aka cire fil." Gaskiyarta kuwa. Babu fil ɗin da za a ji tsoron ya soki yaro, babu kuma naɗin nan mai kusurwa uku da sai an koya.

Makon farko ya ba ni wahala. Yaron ya riƙa jiƙa zanen goyo, sau biyu ina canza kaya kafin in yi azahar. Dalilai uku ne, kuma ɗaya bayan ɗaya na gano su. Sabon ƙyalle ba ya shan ruwa sosai sai an wanke shi sau da yawa. Sannan ban matse maɓallan cinya yadda ya kamata ba. In yatsa biyu suka shige tsakanin roba da cinyar yaro, to zai zuba. Na uku shi ne basilin. Na saba lafta masa a duk canji, ashe man yana like zaren ƙyallen, sai fitsari ya riƙa zamewa ta kai kamar ruwa a bayan agwagwa. Sai da na jiƙa su a ruwan ɗumi na cuɗa da kyau kafin su dawo daidai. Yanzu in zan shafa masa mai, sai in shimfiɗa wani siririn tsumma a tsakani. Mai sayarwar ba ta faɗa mini ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, takarda kuma ba ta zo da kayan ba. Wannan shi ne babban ƙorafina, domin na san mata da yawa a makon nan na farko za su jefa shi ƙasan akwati su ce ba shi da amfani.

Amfanin nafkin ɗin nan da wahalarsa duk a wanki suke, don haka bari in faɗi yadda nake yi. In kashi ne, sai in karkaɗe shi a masai nan take, in ɗauraye da buta. In fitsari ne, ɗauraya ɗaya ta isa. Sai in zare ƙyallen daga aljihu in jefa duka a bokiti mai murfi, ba tare da ruwa ba. Da farko jiƙawa nake yi su kwana, sai na ga zarni na ƙaruwa, ga kuma tsoron bokitin ruwa a gidan da yaro ke rarrafe. Duk bayan kwana biyu, da safe bayan an tafi makaranta, nake zama a tsakar gida da baho biyu. Wankin farko da ruwan sanyi da ɗan omo, in zubar. Na biyu shi ne na gaske, a cuɗa sosai. Sai ɗauraya har sai kumfa ta ƙare, domin sabulun da ya saura a ƙyalle shi ke kawo wari da ƙuraje. Ruwan wankin a masai nake zubarwa, ba na sakin shi a kwata inda yara ke wasa. Duka aikin yana cin kusan minti arba'in.

Rana kuwa tana yin abin da sabulu ya kasa. Tabon kashi mai ruwan ɗorawa da ya ƙi fita a baho, in na shanya ƙyallen da hantsi, kafin la'asar ya yi fari tas. Da hunturu awa biyu zuwa uku sun isa. Wandon ne ba na bari ya daɗe a rana, don zafi na kashe robar cinya, dutsen guga kuma ko kusa, zai narkar da shafen ciki. Watan Agusta ne ya gwada ni. Akwai makon da hadari bai sake ba kwana uku, ƙyallaye suka cika igiyar ɗaki ba su bushe ba, dole na koma famfas har rana ta fito. Duk wadda za ta saya ta ƙara yawan ƙyallen ciki saboda damina, domin wandon na saurin bushewa, ƙyallen ne mai jinkiri.

Batun ruwa ba ƙarami ba ne. Unguwarmu famfo ba ya zuwa kullum, a wurin 'yan garuwa muke saye. Kowane wanki yana cin mini jarka biyu. Ko da na haɗa kuɗin ruwan da na omo, bai kai rabin abin da famfas ke ci ba, amma da bazara, lokacin da rijiyoyi suka ja baya kuɗin jarka ya hau, na ji a jikina.

Sai daga baya na shiga karanta abin da masana suka ce game da sauyin yanayi, don in san ko wahalar da nake sha tana da wani amfani ban da aljihuna. Famfas, tun da aka fito da Pampers a Amurka a 1961, ya sha canje-canje, amma na yau abu uku ne a dunƙule: ɓargon itace da aka niƙa ya zama kamar auduga, leda ta ciki da ta waje da ake samu daga man fetur, da wani garin sinadari mai shanye ruwa ninkin nauyinsa sau da yawa, wanda shi ne farin abin nan da na gani a kwata. Yawancin hayaƙin da ke ɗumama duniya wajen haɗa waɗannan kayan yake fita, tun kafin kwalin ya iso kanti. A Birtaniya, Hukumar Kula da Muhalli ta yi bincike a 2008 ta gano cewa a shekara biyu da rabi na rainon yaro ɗaya, famfas na jawo hayaƙin da ya kai kimanin kilo 550, na wanki kuma kimanin 570, wato kusan kunnen doki. Abin ya ba ni mamaki har na ga dalili: injin wanki da ruwan zafi da injin busar da kaya ne ke cin wuta. Binciken ya ce in aka cika injin kafin a kunna, aka shanya a igiya, aka kuma yi wa ƙane amfani da na yayansa, adadin na iya sauka da kashi 40 cikin ɗari. A 2023 ma'aikatar muhallinsu ta sake wani, ta samu kimanin kilo 457 ga famfas da 345 ga na wanki, sai dai ta ce na wanki ya fi cin ruwa.

Da na karanta wannan sai na dubi tsakar gidana. Ba ni da injin wanki, ba ni da na busarwa, igiya ce da rana. Abin da ake roƙon iyayen Birtaniya su yi don rage hayaƙi, mu shi ne wankinmu na yau da kullum. Inda za mu iya ɓata lissafin shi ne in muka ce sai mun hura gawayi ko itace mun tafasa ruwa a kowane wanki. Ni ba na tafasawa sai in yaron ya yi gudawa. Ga kuma abin da ya fi damuna a nan gida: famfas ɗinmu ba a binne shi a wani tsararren wuri, ko dai ya tafi kwata, ko awaki su yayyaga shi a bola da kashin yaro a ciki, ko a cinna wa bolar wuta da yamma mu shaƙi hayaƙin leda. Na wanki kuwa, ƙazantar tana tafiya masai inda ya dace da ita. A garin da kwalara kan leƙo da damina, wannan kaɗai ya isa dalili a wurina.

Kada dai a ɗauka nafkin ɗin nan tsarkakakke ne daga roba. Wandon kansa yadin roba ne, daga ƙasar waje aka yo jigilarsa. Ƙyallen da ya zo da shi ma zaren roba ne, yana shan ruwa da sauri amma yana riƙe zarni, in ya taɓa fatar yaro kai tsaye yana busar da ita, kuma kowane wanki yana sakin ƙananan zaruruwa a ruwa. Bayan wata huɗu na haƙura da shi. Na kwashi tsofaffin tawul biyu da wani yadin auduga mai laushi da na yanko a Kantin Kwari, na kai wa telar layinmu, ta yanka su daidai tsawon aljihun ta ninka uku ta bi gefen da ɗinki. Waɗannan sun fi na kamfanin nesa ba kusa ba. Ba sa wari, suna jure cuɗa, kuɗinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Tun daga nan nake tunanin cewa telolinmu mata za su iya ɗinka abin nan gaba ɗaya in sun samu yadin bayan.

Na kuma gwada ƙunshi ɗaya na famfas ɗin da aka rubuta wa cewa da gora aka yi shi, wai yana ruɓewa. Yana da laushi, bai fito wa yaron da ƙuraje ba, amma tsadarsa ta ninka ta saura, kuma da na yaga ɗaya na ga garin sinadarin nan da robar cinya da abin likewa duk suna nan. A bolar da ake ƙonawa, ruɓewar ɓangarensa ba ta da wani tasiri. A Japan kamfanin Unicharm yana karɓar famfas da aka yi amfani da shi a garin Shibushi ya tsabtace ɓargon itacen ya sake yin sabo da shi. Irin wannan sai da tsarin kwasar shara mai rarrabewa, mu kuwa da sauranmu.

Da dare har yanzu famfas nake sa masa. Na gwada ƙyalle biyu a aljihu, wandon ya yi ƙato, kuma kafin asuba katifa ta jiƙe. Haka in za mu yi tafiya ko zuwa biki ko asibiti. Daga shida a yini na dawo ɗaya, wani lokaci biyu. Inna ce ta ƙara rage mini aikin. Tun yaron na wata shida ta ce, "Ke dai ki riƙa ɗora shi a fo da ya tashi barci, da kuma bayan ya sha nono, haka na yi muku duka." Na bi maganarta. Cikin 'yan makonni kashin safe ya koma fo, kuma da yake nafkin na wanki yana barin yaro ya ji danshi, da ya jiƙa sai ya yi ƙorafi a canza masa. Yayarsa da ta tashi a famfas sai da ta haura shekara biyu kafin ta saba da fo.

Ba kowa zan ce ta saya ba. Mai jego kafin arba'in ta huta tukuna, jariri sabon haihuwa yana ɓata fiye da goma a yini, kuma wandon ya yi wa cinyarsa yawa. Wadda ke gidan haya mai banɗaki ɗaya da igiyar shanya ɗaya, ko mai fita aiki ta bar yaro a gidan raino, za ta sha wuya, kuma babu wanda ya isa ya zarge ta. Wankin nan a bayan mace da hannunta yake sauka. A gidana abin ya yiwu ne saboda Baban yara ya ɗauki nauyin ruwan, ranar da bayana ya riƙe kuma shi ke ɗaurayewa ya shanya. Maigidan da ke murnar an rage kuɗin famfas, ya kamata ya san inda ragin ya fito.

Cikin goma sha biyun, biyu robar cinyarsu ta saki, ɗaya maɓalli ya ɓalle, sauran tara lafiyarsu ƙalau, launinsu ne kawai ya ɗan koɗe. Makon jiya na kai ukun wurin tela ta canza roba ta sa maɓalli. Matar ƙanena na da ciki wata bakwai, ta riga ta ce in ajiye mata su in ɗana ya gama, na kuma ce mata ta fara tara tsofaffin tawul tun yanzu.