Google Calendar a hannun malamin makaranta a Saudiyya: inda yake amfani da inda yake gazawa

Malamin gwamnati da ke matakin mumaris (ɗaya daga matakan aikin koyarwa) a nan Saudiyya hissa 24 ce a kansa kowane mako, wato shiga aji sau 24, daga Lahadi zuwa Alhamis. Idan kowace hissa minti 45 ce, sa'a 18 ke nan a tsaye gaban allo, ba a sa shirya darasi a Madrasati (dandalin koyarwa na intanet na Ma'aikatar Ilimi) ba, ba a sa shigar da maki a Noor (tsarin ajiye bayanan ɗalibai na ma'aikatar) ba, balle hissar intizar da ake miƙo wa mutum idan abokin aikinsa bai zo ba. A cikin wannan cunkoson ne ake so ya zauna ya yi karatun jarrabawar lasisin koyarwa, wato rukhsa mihaniyya, wadda Hukumar Tantance Ilimi da Horaswa ke gudanarwa ta cibiyar Ƙiyas. Lasisin shekara 5 yake yi, kuma hawa matakin mutaƙaddim ko khabir, waɗanda ke sama da mumaris, na rataye da shi. Hawan ba suna kawai ba ne: mutaƙaddim hissa 22 yake ɗauka, khabir kuwa 18. Malamanmu na Makka da Jidda da Madina da yawa sun juya zuwa Google Calendar don su samar wa wannan karatun gurbi, saboda haka ya dace a duba ko manhajar ta isa aikin.

Hukuncina shi ne ta isa, amma da sharaɗi. Tana da ƙarfi wajen tsare lokacin da ka riga ka keɓe, tana da rauni wajen fahimtar yadda ranar Musulmi take tafiya. Wanda ya san wannan raunin ya yi masa dabara zai more ta. Wanda ya zuba mata jadawalinsa ya tafi, kafin wata guda zai daina buɗe ta.

Kyauta ce, asusun Gmail kawai take buƙata, kuma abin da ka rubuta a kwamfuta zai fito a waya. Shawarata ka yi shirin farko a kwamfuta, ka ba shi sa'a guda cur, domin shigar da hissa 24 da ɗan yatsa a kan waya wahala ce, kuma a nan ake yin kuskuren rana da lokaci. Abubuwa uku za ka gyara a saiti kafin komai. Ka mayar da farkon mako Lahadi. Ka mayar da tsawon kowane aiki minti 45 maimakon sa'a guda da take zuwa da shi, don kada ka riƙa gyara kowace hissa da hannu. Sannan ka kunna kalanda ta biyu ka zaɓi Hijiriyya ta Saudiyya, ba ta Kuwait ba, domin akwai zaɓi fiye da ɗaya kuma suna iya saɓawa da kwana guda. Mai halartar kwas ta intanet daga Kano ko Abuja ya ƙara agogo na biyu a gefe: sa'a 2 ce tsakaninmu da Najeriya, kuma ba ta canzawa duk shekara.

Sai ka buɗe kalanda uku a cikin asusun, kowace da launinta: ta hissoshi, ta lasisi, ta gida. Kada a wuce uku ko huɗu. Amfanin rabawar shi ne da taɓawa ɗaya za ka ɓoye hissoshi ka ga ko makon nan akwai karatun lasisi ko babu. Ga mai wayar Android, sabuwar kalanda ba lallai ta bayyana nan take ba, sai ka shiga saitin manhajar ka kunna mata daidaitawa. Mutane kan ɗauka aikinsu ya ɓace alhali wannan ne kaɗai matsalar.

Wajen maimaita hissa ne manhajar ta fi burge ni, kuma nan ne aka fi yi mata mummunan amfani. Za ka iya cewa wannan hissar ta dawo kowace Lahadi da Talata, sannan ka sa mata ranar ƙarewa. Wannan ranar ƙarewar ita ce sirrin. Kada ka bar maimaitawa ba iyaka. Jadawalin makaranta kan sauya a makonnin farko na zango kafin ya zauna, lokacin shiga aji na hunturu ya bambanta da na bazara, ga kuma Ramadan da nasa tsarin. Ma'aikatar Ilimi ta yi tsarin zango uku daga shekarar 1443, sannan aka koma zango biyu daga 1447, wato 2025, don haka zangon yanzu ya fi tsawo kuma damar sauyi a tsakiyarsa ta fi yawa. Abin da ya fi shi ne ka jira mako na biyu ko na uku kafin ka shigar da jadawali, ka kuma datse maimaitawar a ranar ƙarshe kafin hutu mafi kusa ko kafin azumi. Idan an sauya maka hissa, manhajar za ta tambaye ka ko wannan kaɗai za a gyara, ko wannan da masu biyo baya, ko duka. Na tsakiyan ake zaɓa. Wanda ya zaɓi duka ya sauya har makonnin da suka wuce, ya rasa tarihin abin da ya koyar a wane aji. Idan kuwa ka goge wani abu bisa kuskure, yana nan a kwandon shara har kwana 30.

Babu hanyar ɗaga hissoshi da yawa a lokaci guda ka matsar da su gaba da rabin sa'a. Kowace sai an taɓa ta. Wannan babbar gazawa ce ga malami, kuma a Ramadan take bayyana. Maganinta shi ne a gina wa azumi nasa jadawalin daban, mai farko da ƙarshe. Haka nan ba ta ɗauko komai daga Madrasati ko Noor da kanta. Ranar rufe shigar da maki kai za ka rubuta, kuma ka rubuta ta kwana biyu kafin ainihin ranar, saboda a ranar ƙarshe kowa ke afka wa tsarin.

Yanzu ga batun da ya fi kowanne muhimmanci, wato a ina karatun lasisin zai zauna. Da yawa kan sa shi a hissoshin da ba su da aji. A takarda abin yana da kyau: a makarantar da ake hissa 7 a rana akwai gurbi 35 a mako, ka cire 24 saura 11. Amma waɗannan 11 ɗin ba naka ba ne. Intizar na cin wasu, kula da ɗalibai a fili na cin wasu, uban ɗalibi zai zo, mataimakin shugaban makaranta zai kira. Ka bar su ga gyaran littattafai da shirya darasi, ayyukan da idan an katse su za ka iya ci gaba daga inda ka tsaya. Karatun jarrabawa yana son lokacin da ba mai ikon taɓa shi, kuma a ƙasar nan akwai irinsa guda da aka auna mana: tsakanin Magariba da Isha'i. A taƙwimin Ummul Ƙura, wato kalandar hukuma ta Saudiyya, minti 90 ne daidai tsakanin kiran sallar biyu duk shekara, sai a Ramadan da yake zama 120. Ka cire minti 25 na salla da dawowa, ka cire 15 na alwala da tafiya Isha'i, saura minti 50. Dare huɗu a mako ya ba ka minti 200. A mako 12 sa'a 40 ke nan, kuma sa'a 40 ta karatu mai tsari ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya riga ya san fanninsa.

To a nan Google Calendar ke tuntuɓe. Ba ta san lokacin salla ba. Agogo ta sani, ita kuwa Magariba tafiya take yi. A Makka tana kaiwa bayan ƙarfe 7 a farkon Yuli, ta sauko kusan 5:40 a ƙarshen Nuwamba, kuma a Satumba da Oktoba kusan minti guda take raguwa kullum. Wanda ya sa karatunsa ƙarfe 7 a farkon zango ya bar shi haka, bayan mako shida zai tarar da tunatarwar tana bugawa lokacin da ya kamata a ce ya kusa gamawa. Daga nan sai a fara yin biris da ita, kuma tunatarwar da aka saba yi wa biris ta mutu. Gyaran mai sauƙi ne amma dole ne: kowane mako biyu, ranar Asabar, ka duba lokacin Magariba na garinku, ka matsar da gurbin ta hanyar zaɓin wannan da masu biyo baya. Ka sa wa wannan gyaran kansa tunatarwa. Malamar da wannan lokacin ya zame mata na abincin dare da aikin gidan yara, ta ɗauki bayan Asuba, ta yi masa irin wannan gyaran, don ita ma Asuba tafiya take yi. Mai halƙar haddar Alƙur'ani bayan La'asar shi ma haka.

Matsalar Hijiriyya ma irin wannan ce. Kwanan watan yana fitowa a gefe don ka gani, amma maimaitawa ta Miladiyya take bi. Ba za ka iya cewa abu ya dawo kowane 1 ga Ramadan ba, kuma tunda shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, abin da ka sa bara ba zai faɗa daidai bana ba. Malami a nan kuwa kalanda biyu yake bi a tare: Ranar Ƙasa 23 ga Satumba da Ranar Kafuwa 22 ga Fabrairu na Miladiyya ne, hutun sallah ƙarama da babba na Hijiriyya. Ƙari a kan haka, Makka da Madina da Jidda da Ɗa'if kan sami nasu ranakun saboda aikin Hajji da Umra, don haka jadawalin hutun da wani ya turo a rukunin WhatsApp daga Riyad ba lallai ya zama naku ba. Ka ɗauko na hukumar ilimin yankinku ka shigar da hannu. Farkon azumi da ranar idi kuwa sanarwar ganin wata ce ke yanke su, ba abin da allon waya ya nuna ba.

Yadda za a cika mako 12 ɗin ya danganta da jarrabawar da ke gabanka, don iri biyu ce: ta tarbiyya ta gaba ɗaya da ta fanninka. Ta gaba ɗayan an gina ta a kan ma'auni 10 da aka raba gida uku: ɗabi'u da nauyin sana'a, ilimin sana'a, da aikin koyarwa a aikace. Wannan ya yi daidai da tsarin kalanda: ma'auni guda a kowane mako, mako 10, sannan mako 2 na ƙarshe ga tambayoyin gwaji da agogo a gabanka. Kada ka rubuta "karatu" kawai a gurbin. Ka rubuta abin da za ka yi a daren, misali "hanyoyin auna ɗalibi, tambaya 20". Gurbi mara suna shi ake fara sadaukarwa idan baƙo ya yi sallama. Ka fara lissafi daga ranar jarrabawa ka dawo baya, ka kuma bar dare na biyar fanko a kowane mako don biyan bashin wanda ya kuɓuce. Ranar buɗe rajistar jarrabawa da ranar rufewa su ne kaɗai suka cancanci tunatarwa biyu, ɗaya mako guda kafin, ɗaya kwana guda kafin.

Da akwai wani ɓangare a manhajar da ke nemo wa mutum lokacin burinsa da kansa, ya kuma matsar da shi idan wani abu ya shigo, amma Google ta cire shi a 2022. Abin da ya rage shi ne Tasks, jerin ayyukan da ke fitowa cikin kalandar idan ka sa musu rana. Yana da amfani ga ƙananan abubuwa masu wa'adi, kamar ɗora aikin gida a Madrasati ko loda shaidar kwas, domin aikin da ba a kammala ba yana ci gaba da bayyana har sai ka kashe shi. Ga karatun lasisi bai dace ba, tunda aiki a jeri ba ya hana wani abu shiga lokacinsa. Gurbi ne ke yin haka.

Game da tunatarwa, ka kashe ta gaba ɗaya a kalandar hissoshi. Ƙararrawar makaranta ta isa, kuma wayar da ke kuka sau 24 a mako tana koya wa mai ita ya daina saurarenta. Ka bar ta ga kalandar lasisi kaɗai, minti 10 kafin lokaci. Idan ba ta bugawa a Android, yawanci tsarin tattalin batir ne ya danne manhajar, sai a cire ta daga cikinsa. Kada kuma a rubuta sunayen ɗalibai ko makinsu a asusun kai. Lambar aji ta wadatar.

Akwai abu guda da ba a cika amfani da shi ba alhali ya fi tunatarwa tasiri: za ka iya raba kalandar lasisi da uwargida ko maigida, ka zaɓi su ga lokacin da kake cikin aiki kawai ba tare da bayani ba. Idan gida ya san minti 50 ɗin nan na mako 12 ne ba na har abada ba, sun fi saurin tsare maka shi, a ɗage cefane zuwa bayan Isha'i.

Malamin da jadawalinsa ya zauna kuma yake da ranar jarrabawa a gabansa zai ci moriyar Google Calendar sosai, muddin zai yi gyaran Asabar ɗin nan. Malamin makarantar kuɗi da ake sauya wa jadawali kusan kowane mako, ko mai koyarwa a wuri biyu, gara ya bar hissoshinsa a littafin tsara mako na takarda, irin wanda ake samu a Jarir ko kowane kantin littattafai na unguwa, ya rubuta da fensir. Sai ya buɗe kalanda guda tak a waya, ta lasisi, ya sa mata dare huɗu da ranar rufe rajista.