Gargaɗi ga masu neman aikin manhaja: a yi hattara da "aikin gwaji" daga baƙon LinkedIn

Jama'a, musamman ƙannenmu da suka koyi rubuta manhaja ta shirin 3MTT na gwamnatin Najeriya ko ta YouTube suna fatan samun aikin nesa da ake biya da dala, a kula da wannan damfara. Ba ruwanta da garin da kake. Duk wanda ya rubuta a LinkedIn cewa ya iya JavaScript ko Python yana cikin waɗanda ake farauta.

Wani zai turo maka saƙo, hotonsa tsaf cikin kwat, ya ce yana ɗaukar ma'aikata wa wani kamfanin kirifto. Albashin da zai ambata sai ka sake karantawa. Ba zai nemi ko sisi ba, kuma nan ne hankalin mutum ke kwanciya, domin mun saba ɗan damfara kuɗin fom yake fara nema. Bayan 'yar hira sai ya ce saura gwaji: ga adireshin wani aiki a GitHub ko Bitbucket, shafukan da ake ajiye kod, ka sauke shi, ka tayar a kwamfutarka, ka gyara wata ƙaramar matsala kafin gobe. Umarnin da ke ciki biyu ne, waɗanda ka buga sau ba adadi wajen koyo: npm install, sannan npm start.

To, a nan ake cin mutum. Da yawa suna ɗauka npm install sauke kaya kawai yake yi ya ajiye. A'a. Duk ƙunshin da ke npm, wato kod ɗin da wani ya rubuta ya ɗora don a sauke, yana iya zuwa da umarnin preinstall ko postinstall a cikin fayil ɗin saitinsa, package.json, kuma npm zai iya aiwatar da shi nan take ba tare da ya tambaye ka ba, da cikakken ikon da kake da shi a kan kwamfutar. Haka pip, mai sauke ƙunshin Python, yake yi da fayil ɗin setup.py idan ƙunshin ya zo a ɗanyensa. Kuma rumbunan da ake sauke ƙunshin daga cikinsu, npm na JavaScript da PyPI na Python, a buɗe suke: kowa zai iya yin rajista yau ya ɗora ƙunshi yau, babu ma'aikacin da ke zaune yana karanta kowane layi kafin a saki.

Wani lokaci ma ba sa wahalar da kansu da ƙunshi, cikin aikin suke dasa abin. Za ka buɗe fayil na saiti ka ga layuka kaɗan masu tsabta, ka wuce. Amma da ka ja sandar ƙasa zuwa dama, bayan dogon fili fari, sai ka tarar da wani layi mai tsawon gaske, haruffa da lambobi a cakuɗe, ba ya karantuwa. An tura shi can ne don kada ido ya kai.

Masu binciken Unit 42 na kamfanin Palo Alto Networks sun fallasa wannan shiri a watan Nuwamba na 2023, suka raɗa masa suna Contagious Interview, suka kuma danganta shi da masu kutse masu alaƙa da Koriya ta Arewa. Muguwar manhajar farko da ke shiga ana kiranta BeaverTail. Ita ke kwashe kalmomin sirri da ka adana a burauza da bayanan asusun kirifto irin MetaMask, sannan ta jawo ta biyu, InvisibleFerret, wadda aka rubuta da Python, mai buɗe musu ƙofa su riƙa shiga kwamfutar. Kai kuwa shafin gwaji ya buɗe lafiya lau, kana can kana gyaran maɓalli kana murna. Daga baya mai ɗaukar aikin ya yi shiru, ko shafinsa ya ɓace.

Kada wani ya ce ai ni ba ni da kirifto. Idan kana yi wa wani kamfani ko wata makaranta aiki, makullan sabarsu da ke cikin fayil ɗin .env da makullan SSH ɗinka, waɗanda kake shiga saba da su daga nesa, sun fi 'yan kuɗin asusunka daraja a wurinsu, kuma kai za a tuhuma.

Ko babu mai neman ɗaukar ka aiki, akwai tarkon kuskuren harafi, kamar jabun magani da aka yi wa kwali iri ɗaya da na gaske. A 2017 an ɗora crossenv a npm don kwaikwayon cross-env, 'yar sandar tsakiya kawai aka cire, yana tura bayanan sirrin kwamfutar mai shi zuwa waje. A 2018 aka gano colourama a PyPI, jabun colorama, wanda ke sauya adireshin Bitcoin da ka kwafa da na ɓarawo kafin ka liƙa. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne jeIlyfish da aka gano a ƙarshen 2019: a gurbin ƙaramin L na farko an sa babban harafin I, a allo kusan ba bambanci da jellyfish na gaske, kuma makullan SSH da na GPG, na ɓoye saƙo da sa hannu, yake sata. A watan Maris na 2024 abin ya kai PyPI ta dakatar da sabuwar rajista na ɗan lokaci saboda ɗaruruwan jabun ƙunshi da aka kwararo. Yanzu kuma da ake kwafo umarni daga ChatGPT da ire-irensa, su ma sukan ƙirƙiro sunan ƙunshin da babu shi, wani ɓarawo kuma ya yi wa sunan rajista ya ɗora nasa jabun.

Saboda haka aikin gwajin baƙo ba ya hawa kan kwamfutar da kake shiga banki da imel da ita. Na san mafi yawanmu laftof ɗaya gare mu, amma VirtualBox kyauta ne: ka girka wata kwamfutar a cikinsa, wadda babu komai naka a ciki, ka yi gwajin can, ka goge. Kada venv na Python ya ruɗe ka, raba ƙunshi kawai yake yi, ba ya hana kod karanta fayilolinka. Umarnin npm install --ignore-scripts yana toshe postinstall, amma ba zai cece ka ba idan ka buga npm start. Ka buɗe package.json tukuna, ka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya a npmjs.com, ka ga yaushe aka ɗora kowanne da wanda ya ɗora. Sannan ka shiga shafin kamfanin da kanka ka ga ko gurbin yana nan. Idan ka ce za ka yi gwajin a keɓaɓɓen wuri mutumin ya fara matsa lamba, wai lallai sai a kwamfutarka kuma yau, ka rabu da shi ka kai ƙarar shafinsa.

Wanda kuwa ya riga ya tayar da irin wannan aiki, ya cire kwamfutar daga intanet yanzu. Da wata na'ura daban zai canza kalmomin sirri, ya fara da imel. Ya buɗe sabon asusun kirifto mai sababbin kalmomin sirri ya kwashe abin da ya rage, ya soke makullan SSH da na GitHub, ya sanar da duk wanda yake riƙe wa makullan saba. Goge foldar aikin ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga; sai an share kwamfutar an sake girka ta daga farko.