Sunan domen a rautar gida: local, lan, home.arpa ko internal?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya yi tambaya. Yana da firinta, da na'urar naɗar hotunan kyamara, da wata ƙaramar kwamfuta da yake ajiye fayiloli a ciki, kuma ya gaji da haddace lambobi irin 192.168.1.23. A shafin saitin rautarsa, wato na'urar da ke raba wayifai a gidan, ya ga gurbin da aka rubuta Domain Name, shi ne yake tambaya: me zai cika a wurin, local ko lan ko wani abu dabam?

Malam, amsar a taƙaice ita ce ka rubuta home.arpa. In tsawonsa ya dame ka, internal. Kada ka rubuta local. Ga dalilan.

Da farko mu fahimci aikin da gurbin yake yi. Duk na'urar da ta hau wayifai tana roƙon lambar IP (adireshi irin 192.168.1.23) ta hanyar DHCP, tsarin da rauta ke raba lambobi da shi, kuma a cikin roƙon takan faɗi sunanta (zaɓi na 12 a tsarin DHCP). Rauta ta ba ta lamba, ta gaya mata wa za ta riƙa tambaya in tana neman suna (zaɓi na 6), sannan ta ba ta sunan domen ɗin gidan (zaɓi na 15). To in firintarka ta ce sunanta firinta, domen kuma home.arpa ne, cikakken sunanta ya zama firinta.home.arpa. In ka buga firinta kawai, kwamfutarka ce za ta liƙa masa sauran da kanta. Amma wannan duka sai in rautar tana shigar da sunayen DHCP cikin DNS ɗinta, wato tsarin da ke mayar da suna zuwa lamba. Masu amfani da manhajar dnsmasq, irin OpenWrt (manhajar da ake ɗora wa rauta) da rautocin ASUS, suna yi. Rautar MikroTik ta daɗe ba ta yi da kanta, in taka ba ta yi sai ka shigar da sunayen da hannu ko ka rubuta ɗan umarni. Ƙananan rautocin 4G da kamfanonin layi ke sayarwa kuwa da yawansu gurbin ma babu.

Local shi ne ya fi jan hankali, shi ne kuma ya fi kawo ciwon kai. An keɓe shi ne ga mDNS a ƙa'idar intanet mai lamba RFC 6762 ta 2013, wato tsarin da Apple ke kira Bonjour, Linux kuma ke yi da Avahi. A wannan tsarin ba a tambayar rauta. Na'ura tana yin shela ne ga kowa a adireshin 224.0.0.251, ƙofa ta 5353, mai sunan ya amsa da kansa. Shi ya sa firintoci da yawa ke amsa sunansu da local tun daga kwali ba tare da an saita komai ba. Matsalar tana zuwa ne in ka sa local a matsayin domen ɗin rauta: Mac da iPhone da Linux za su yi shela, ba lallai su tambayi rautar ba, sai ka ga suna yana buɗewa a kwamfuta ɗaya ya ƙi a wata, ko ya yi daƙiƙoƙi yana jira kafin ya buɗe. Shelar kuma ba ta tsallaka daga wani rukunin lambobi zuwa wani, ba ta shiga wayifan baƙi. Ka bar local ga na'urorin da suka zo da shi, yana aikinsa a gefe, ba ya hana naka.

Lan shi ne OpenWrt ke zuwa da shi. Gajere ne, yana aiki, miliyoyin gidaje na kansa. Aibinsa ɗaya: babu wata hukuma da ta keɓe shi. Yau ba a sayar da shi a intanet, amma ba a yi alkawarin gobe ba. Wannan ba tsoron banza ba ne. Masu rubuta manhaja sun daɗe suna amfani da dev a ƙarshen sunaye a kwamfutocinsu, Google ta mallake shi, a ƙarshen 2017 Chrome ya fara tilasta HTTPS a kan duk sunan da ya ƙare da dev, shafukan gwaji suka daina buɗewa. Rautocin Fritz!Box na Jamus ma suna amfani da fritz.box, da aka buɗe sayar da box ga jama'a a farkon 2024 sai wani dabam ya yi rajistar sunan. In rautarka tana kan lan kuma komai na tafiya, ba gaggawa. In sabon saiti ne, me zai sa ka gina a filin da ba ka da takardarsa?

Home.arpa an yi shi ne takanas domin wannan aikin, a RFC 8375 ta 2018, kuma shi manhajar rauta ta pfSense ke zuwa da shi yanzu. Ba wanda zai taɓa sayen sa. Yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba: an shigar da shi a DNS na duniya ta yadda na'ura mai tantance DNSSEC (sa hannun da ke tabbatar da ingancin amsar DNS) ba za ta ƙi amsar rautarka ba. Internal kuwa ICANN, hukumar da ke kula da sunayen domen, ce ta keɓe shi a watan Yulin 2024 domin amfanin cikin gida da ofis. Ya fi daɗin bugawa, firinta.internal ya fi firinta.home.arpa sauƙin faɗa wa yaro. Sai dai babu shi a tushen DNS, don haka mai tantance DNSSEC da tsanani zai iya cewa sunan ƙarya ne sai an yi masa togiya. A gidan da rauta ce kaɗai ke amsa tambaya, ba za ka ga bambanci ba.

Akwai hanya ta biyar: ka sayi domen naka, ka ware wani reshe, misali gida.sunanka.com. Wannan ita kaɗai ce ke ba ka satifiket na HTTPS da burauza ke yarda da shi, domin tun 2015 masu bayar da satifiket suka daina bayarwa ga sunayen cikin gida. Let's Encrypt, ɗaya daga masu bayarwar, za ta ba ka ta hanyar DNS-01, wato tabbatar da mallakar domen ta DNS, ba tare da ka buɗe ƙofa a rauta ba. Kuɗin rajista ne duk shekara, da ɗawainiyar sabuntawa. In ka sa lambar cikin gida a DNS na waje, kariyar da ake kira Rebind protection a dnsmasq za ta jefar da amsar sai ka sa domen ɗin a jerin waɗanda aka yafe wa. Don firinta da kyamara, wahalar ta fi ribar.

A OpenWrt wurare biyu ake canzawa, kuma nan mutane ke tuntuɓe:

uci set dhcp.@dnsmasq[0].domain='home.arpa'
uci set dhcp.@dnsmasq[0].local='/home.arpa/'
uci commit dhcp
service dnsmasq restart

Layin farko shi ne sunan da ake raba wa na'urori. Na biyu yana gaya wa rauta cewa duk tambayar da ta ƙare da home.arpa ita za ta amsa, kada ta tura waje. In ka canza na farko ka manta na biyu, duk sunan da rauta ba ta sani ba, tambayarsa za ta fita zuwa kamfanin layinka. A ASUS gurbin yana ƙarƙashin LAN, shafin DHCP Server. Bayan haka na'urori ba za su ji sabon sunan ba sai sun sabunta haya, wato wa'adin riƙe lambar da rauta ta ba su, wadda a OpenWrt awa 12 ce. A waya ka kashe wayifai ka kunna. A Windows ka buga ipconfig /release, sai ipconfig /renew, sai ipconfig /flushdns. Gwaji: nslookup firinta.home.arpa 192.168.1.1. In wannan ya dawo da lamba amma burauza ta ƙi, laifin ba na rauta ba ne. Ko dai an sa 8.8.8.8 da hannu a na'urar, ko Private DNS na Android yana kunne da sunan wata saba, ko VPN, ko burauzar na tura tambayoyinta ta HTTPS zuwa waje. Duk waɗannan ba su san firintarka ba. Wani lokacin ma burauza ɗaukar sunan take yi a matsayin abin bincike, sai ka fara da http:// kafin sunan.

Abu na ƙarshe ya shafi ɗauke wuta. OpenWrt tana ajiye jerin haya a /tmp/dhcp.leases, wanda yake gogewa duk sanda rauta ta mutu. In kwamfutar ajiyarka tana kan inbata, rauta kuma ba ta kai, wuta na dawowa rauta ta manta sunanta, ita kuwa kwamfutar ba ta da dalilin sake roƙo sai rabin hayarta ya cika, wato har awa 6. Maganinsa ka yi wa kowace muhimmiyar na'ura Static Lease, wato tsayayyar haya: lambar MAC (lambar shaidar na'urar), lambar IP, da suna, ka kunna zaɓin shigar da shi a DNS. Sunan ya zama haruffa da lambobi da karan tsakiya kawai, ban da tazara. Wayoyi daga Android 10 da iOS 14 suna ɓoye MAC ɗinsu na asali, don haka in waya ce za ka ba tsayayyen suna, ka kashe wannan zaɓin a kan wayifan gidan tukuna.