Layin SIM mai tsayayyen IP da na sa wa kyamarar gidan kaji

Masu tambayata ko na ji daɗin layin nan na M2M, wato layin SIM da ake sa wa na'urori su yi aiki da intanet, gaskiya ya biya ni wallahi. Matsalar layin data da muka saba da shi ita ce kamfanin waya ba ya ba ka adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, naka kai kaɗai, jama'a da yawa ake cusawa bayan adireshi ɗaya, shi ne masu harkar ke kira CGNAT, in ka leƙa rauta ka ga lambar tana tsakanin 100.64 da 100.127 to ka haƙura kawai, ko ka buɗe port (ƙofar shiga na'ura ta intanet) ko ka sa DDNS (sunan da ke bin adireshinka in ya canza) ba za ka iso kyamararka daga waje ba. Irin adireshin nan da ake kira IPv4 ne ya yi wa duniya kaɗan, duka-duka wajen biliyan 4.3 ne.

Wannan layin na M2M kuwa, APN na musamman, wato saitin da layi ke hawa intanet da shi, kamfanin ya ba ni na saka a rauta, ko batirin sola ya mutu cikin dare ta sake tashi da asuba lambar tana nan ba ta canza ba. Ina zaune a shago ina ganin yaron da ke kula da gidan kajin yana zuba wa kaji dusa, har mazubin ruwan da ya kife ina gani in kira shi ya gyara.

Sai dai akwai tsada, kuɗin IP daban na data daban duk wata, kuma kyamara na shan data ba wasa. Sannan don Allah ku canza faswod ɗin da na'urar ta zo da shi, tunda adireshin a fili yake baƙi na ta gwada shigowa daga ƙasashen waje. Ni yanzu na rufe komai, ta WireGuard, manhajar da ke buɗe mini keɓantacciyar hanya mai tsaro, kaɗai nake shiga.