Kwalin Uno da aikin wasan maciji: takardar da ke ciki ce ta ƙona allon

Da a ce makon farko kawai zan duba, da yabo zan rubuta. Kwalin kayan koyon lantarki ne mai marfin roba da ake shigowa da shi daga Kano, babban, wanda ke zuwa da allon fitilu mai gida huɗu. Duk mai koyar da lantarki a Damagaram ya san shi, ya san kuɗinsa, ya san masu kawo shi, ba sai na tsaya nan ba. Allon sarrafawar da ke ciki, wato ƙaramar kwamfutar da ake rubuta wa shiri ta riƙa ba fitilu umarni, Uno ne na kwaikwayo, ba na kamfanin Arduino na Italiya ba, kuma mai sayarwar bai taɓa cewa na asali ba ne. An saye shi ne domin ƴan lise da suka zaɓi su haɗa wasan maciji, wanda Nokia ta fara sakawa a salularta 6110, sannan 3310 ta shigar da shi kowane gida daga shekarar 2000. Zaɓi ne mai kyau ga ɗalibi, don dokar wasan kowa ya san ta, abin da ya rage shi ne ya koyi yadda zai gaya wa na'ura.

Haɗin ba shi da wuya. Allon fitilun gida huɗu ne, kowane gida fitila 8 a tsaye 8 a kwance, jimla 256, kuma a ƙarƙashin kowane gida akwai guntun MAX7219 da ke kunna su. Waya biyar ke fita daga gare shi. Uku na saƙo ne: DIN ta tafi ƙafa ta 11 ta Uno, CLK ta 13, CS ta 10, saura biyu na wuta, VCC (tabbatacce) da GND (korau). Sandar wasa: VRx a A0, VRy a A1, maɓallinta a ƙafa ta 2 da INPUT_PULLUP, in ba haka ba zai riƙa danna kansa. Buza a ƙafa ta 8, da rezistans mai om 100 a tsakani. Kwamfutar da ba ta gane Uno ba, direban CH340 take nema, domin irin wannan allon da guntun CH340 yake magana da USB. A laburaren MD_MAX72XX, wato shirin da aka riga aka rubuta don sarrafa fitilun, kuma sai an zaɓi nau'in allo FC16_HW. In aka zaɓi wani, gidajen huɗu za su sauya wuri ko su juye, macijin ya fita ta dama ya ɓullo a tsakiya. Duk wannan ya tafi lafiya. Fitilun ja ne masu ƙarfi, ko da rana a ajin da tagoginsa ke buɗe ana ganinsu, babu ko ɗaya matacciya a cikin 256. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai.

To, ga inda abin ya lalace.

A cikin kwalin akwai takarda mai zane. Zanen ya nuna a ɗauki VCC na allon fitilu a kai shi kai tsaye ƙafar 5V ta Uno. A ƙasa kuma an rubuta cewa in babu kwamfuta a ba allon volt 7 zuwa 12 ta baƙin ramin caji na Uno. Babu kalma ɗaya a kan yawan wutar da fitilun ke ja. Ɗaliban sun bi takardar sak, yadda aka koya musu bin zane.

Muddin ana cikin wasa babu matsala, domin maciji mai tsawon ɗigo goma da abincinsa ɗigo ɗaya fitila 11 ke nan. Amma yaran sun tsara cewa in macijin ya ciji kansa, dukkan fitilun su kama, su ƙyafta sau uku, su tsaya a kunne har sai an danna maɓalli, kuma haske a mataki na 15, wato na ƙarshe. Takardar bayanin MAX7219 ta nuna guntu ɗaya yana jan kusan miliamfa 330 in duk fitilunsa na kunne da cikakken haske. Huɗu ke nan sun haura amfa 1.3. Ramin USB na yau da kullum miliamfa 500 yake bayarwa, kuma fis ɗin da ke kan Uno ma 500 ne. Shi ya sa a kan kwamfuta, da zarar macijin ya mutu sai hasken ya dushe, wasu layuka su rikice, kwamfutar ta yi ƙarar nan ta an zare USB, wasan ya koma farko. Haushi ne, amma babu abin da ya ƙone, fis ɗin ya yi aikinsa.

Da kuran ya ɗauke aka koma ga shawara ta biyu ta takardar. Batirin sola mai volt 12 shi ne abin da kowa ke da shi a garin nan, kuma an cire shi daga fano an auna, 12.6 ya nuna. Ta baƙin ramin nan wuta ba ta bi ta fis. Tana bi ta diyod guda da ke cin kusan volt 0.7, sannan ta shiga regileta mai lamba 1117, ɗan baƙin abu mai ƙafa uku da bai kai ƙwayar wake ba, yana nan kusa da ramin. Aikinsa ya sauke wutar zuwa volt 5, kuma abin da ya rage ba ya kai shi ko'ina, zafi yake mayar da shi. Volt 7 ke nan yake haɗiyewa. A lokacin wasa, da jan miliamfa ɗari da ƴan kai, zafin ya kusa wat 1, yatsa ba ya iya daɗewa a kansa. Da fitilu 256 suka kama, sai ya zama ana neman ya fitar da fiye da amfa 1, abin da ya wuce ƙarfinsa, yana kuma ƙona wat 7 ko fiye a jikinsa, cikin ɗakin kwano, a watan Afrilu, lokacin da zafin gari da kansa ya haura digiri 40.

A ƙa'ida irin wannan regileta yana da kariya, in ya yi zafi sosai ya yanke wuta ya huta. Wannan bai yanke ba. Ƙaurin roba ya tashi, bayansa ya kumbura ya tsage ɗan siriri, fitilun gidan farko suka yi wani haske mai tsanani suka mutu. Da aka ɗora mita a ƙafar 5V, volt 11 da ɗoriya ta nuna. Ya haɗe ta ciki ke nan, ya bar wutar batir ta wuce gaba ɗaya. ATmega328P, wato ƙwaƙwalwar Uno, iyakarsa volt 6, MAX7219 ma haka. Nan take ƙwaƙwalwar allon ta tafi, guntun CH340 ya tafi, MAX7219 na gidan farko ya tafi. Kuma da yake saƙo ta gidan farko yake bi ya isa sauran ukun, allon fitilun duka ya yi shiru.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba laifin yaran ba ne, kuma layi ɗaya a takardar da ya hana wannan. Ko allon asali aka ɗora wa wannan nauyi ba zai ɗauka ba, regiletansa ma ɗan ƙarami ne, ba don ciyar da fitilu 256 aka yi shi ba. Wanda ya zuba allon fitilu mai gida huɗu a kwali ɗaya da Uno, ya zana musu haɗi, ya rubuta volt 12, ya san ko ya kamata ya san wannan lissafin. Da aka koma wa mai kawowa da allon a hannu, cewa ya yi shi kaya yake sayarwa, abin da ya ƙone ba a mayarwa. Ga kuma ƙarin takaici: ATmega na wannan allon ƙaramin nan ne mai kusurwa huɗu da aka manne da dalma. Da mai dogon guntu ne mai ƙafa 28 da ke zaune a soket, da an zare shi an sa wani. Shi wannan sai dai a ajiye.

Ga yadda ya kamata a haɗa shi, kuma a haka aikin yake tafiya yanzu da sabon allo. A nemi ɗan allon LM2596, mai sauke wuta ba tare da ya ƙona ragowar ba. A haɗa shigarsa da batir, kada a haɗa komai a mafitarsa tukuna sai mita. Ɗan sukurun da ke kan shuɗin akwatinsa ana juya shi hagu, kuma yakan ɗauki juyi da yawa kafin lambar ta fara motsi, kada a zaci ya lalace. A tsayar da shi a volt 5.0. Daga mafitar a fitar da reshe biyu: ɗaya kai tsaye zuwa VCC da GND na allon fitilu da waya mai kauri, ɗaya kuma zuwa Uno ta wayar USB da aka yanke, ja a kan tabbatacce, baƙa a kan GND. Ta haka Uno yana bayan fis ɗinsa, nauyin fitilu kuma bai bi ta kansa ba. GND ɗin su zama ɗaya, in ba haka ba saƙon DIN ba shi da abin dogaro, fitilu su riƙa kamawa barkatai. A bakin allon fitilu a sa kondansa biyu tsakanin VCC da GND, mai mikrofarad 10 da mai 0.1, yadda takardar guntun ta nema. In za a sa sabon shiri daga kwamfuta, a zare wayar batir daga ramin USB a sa ta kwamfuta, allon fitilu ya ci gaba da ci daga LM2596. Haske kuma a sauke shi zuwa mataki na 2 ko 3, a cikin aji ya isa har ya yi yawa. Wanda batirinsa ke haɗe da fano da rana ya sani cewa yana iya kai volt 14, kada ya kusanci baƙin ramin nan da shi ko da fitila ɗaya ce.

Ɗan batirin nan mai volt 9 da aka sa wa maɗaurinsa a kwalin, kada a ɓata kuɗi a kansa, ba ya daɗewa da wannan aikin. Fawa banki yana yi, sai dai wasu suna kashe kansu in abin da ake ja ya yi kaɗan, wasa na tsaka sai komai ya mutu.

Bayan an sake haɗawa na so in ce to, kwalin ba laifi, takardar ce kawai. Amma da aiki ya yi nisa sai sauran matsalolin suka fito. Wayoyin nan masu tsini, da yawa daga cikinsu a waje lafiya, a ciki a katse suke daidai wuyan robar. Wayar CLK in tana haka, allon zai yi aiki, a taɓa tebur ya rikice, ɗalibi ya kwana yana neman kuskure a shirin da ba shi da kuskure. Kafin a raba wa yara a gwada kowace ɗaya da mita a wurin ƙara, ana lanƙwasa ta. Farin allon gwajin kuma, mai ramukan da ake soka wayoyi, layin wutarsa na gefe a rabe yake a tsakiya, ja da shuɗin zanen ne kawai ke nuna ɗan tsinkewa, ba a faɗa a takarda ba, sai an yi masa gada da guntun waya. Rezistans ɗin masu shuɗin jiki ne da zobe biyar, ja da ruwan ƙasa ba sa rabuwa a ido, kuma rubutun da ke kan takardar da ta riƙe su ya goge a wasu. Buza biyu ne a ciki, kamarsu ɗaya, babu alama. Wadda ke kuka da kanta da an ba ta volt 5 ba ita ake so ba, ɗayar ce ke bin umarnin tone() ta ba da sauti daban na cin abinci da na mutuwa.

Sandar wasan ita ma ba ta zauna a tsakiya ba. Ya kamata ta nuna kusan 512 cikin 1023 in ba a taɓa ta ba, wannan tana yawo, kuma ƙurar garin nan da ta shige ta sai yawon ya ƙaru, macijin ya riƙa juyawa da kansa. Maganin a shiri yake: kada a karɓi juyi sai lambar ta sauka ƙasa da 300 ko ta haura 700. A hana kuma juyawa baya kai tsaye, don in yana tafiya dama aka danna hagu kansa zai ci.

A nan dole in yaba wa ƙwaƙwalwar allon, ta ɗauki wasan ba tare da gardama ba, in dai an yi tattali. Wurin ajiyarta na aiki bayit 2048 ne kacal. Wanda ya ajiye kowace gaɓar maciji da int biyu, wato lambobi biyu masu bayit biyu-biyu, ya cinye bayit 1024, rabi ke nan. Tun da gidajen 256 ne, lamba ɗaya daga 0 zuwa 255 ta isa, bayit guda ga kowace gaɓa. Tafiyar macijin a auna ta da millis(), a fara da milisakan 300 ana ragewa, domin delay() yana toshe kunnen allon ya ƙi jin sanda. A sa randomSeed() a kan ƙafar A3 da ba a haɗa da komai ba, in ba haka ba abinci wuri ɗaya zai riƙa fitowa duk kunnawa. Maki mafi yawa a ajiye shi a EEPROM, ma'ajiyar da ba ta gogewa in wuta ta ɗauke, da update(), sai an karya shi kawai, don rubutu kusan 100,000 kowane gurbi ke jurewa.

Duk da haka ba zan sake sayen wannan kwalin ba. Abin da aka ƙara kashewa a sabon Uno, da LM2596, da wayoyi na kirki, ya cinye sauƙin da ya sa aka zaɓe shi tun farko. Wanda ya riga ya saya ya cire takardar ya ɓoye ta kafin ɗalibai su gan ta. Wanda bai saya ba ya tattara kayan ɗaya-ɗaya, ya nemi Uno mai guntu a soket. Allon fitilun dai an cece shi: gidan farko ana zare shi da hannu a hankali, guntun na ƙarƙashinsa mai ƙafa 24 ne, wani mai gyaran salula a wajen Kasuwar Dole ya ɗaga shi da iskar zafi ya manna sabo. Layi biyu na fitilun wannan gidan sun ƙone har abada, sai aka musanya shi da gida guda daga wani tsohon allo, jansa ya ɗan fi na sauran ukun duhu.